Fitilar da Kunya ta Kashe

Kai da kake cewa kunna fitilar mota da rana ƙauyanci ne, gyara zama ka ji misalin wani direba da aka yi a hanyar Saminaka zuwa Jos. Mutum ne da ya tsufa a kan sitiyari, ya san kowace kwana da kowane rami a hanyar nan kamar yunwar cikinsa. Allah ya ba shi ido, ya kuma ba shi baki, da su biyun yake taƙama. Ko ana ruwa kamar da bakin ƙwarya ba ya kunna fitila, cewa yake makaho ke neman jagora. A wurinsa mota iri biyu ce ke da ikon haska titi da rana, wadda ta ɗauko gawa da ta manya masu jiniya. Duk wanda ya hango tafe da fitila, sai ya zuro hannu ta taga yana buɗe yatsu yana rufewa, alamar ka manta, kashe kada batir ya mutu. Taimako yake ganin yana yi, har lada yake sa rai.

Yana da ƙane, uwa ɗaya uba ɗaya, wanda shi ya koya wa tuƙi da hannunsa. Magidanci ne mai sanyin hali, yana jan wata ƙaramar motar haya mai launin toka a wannan hanya. Kullum sai sun haɗu, wannan na hawa wancan na gangarowa, su danna wa juna hon su wuce. Da damina ta kankama, ƙanen ya tsiro da wata ɗabi'a, hadari na haɗowa sai ya kunna fitila ko da rana tsaka ce. Wan ya yi masa alama ya gaji, bai kashe ba. Abin ya tsaya masa a rai, wai wanda ya horar ne ke yawo a titi kamar sabon shiga. Bai ja shi gefe ba, yadda ɗan'uwa ke yi wa ɗan'uwansa. Sai da ya bari tasha ta cika, direbobi sun yi da'ira a rumfar mai shayi, sannan ya ɗaga murya: "Wai wa ya rasu a gidanmu ba a gaya mini ba? Na gan ka tafe da fitilar jana'iza." Aka kwashe da dariya har da masu riƙe ciki. Ƙanen ya sunkuyar da kai ya ce, "Yaya, ba don in gani nake kunnawa ba, don a gan ni ne. Motata launinta ɗaya da ruwan sama." Wan ya ce wanda bai ga mota sukutum ba, ƙwan fitila biyu ne za su nuna masa ita? Daga ranar 'yan tasha suka laƙaba wa bawan Allah suna Mai Gawa. Fasinja kuwa, ka san halinmu da camfi, mace ta sa ƙafa a motar, ta ji sunan, ta janye ƙafarta ta koma ta baya. Ga kunyar wa, ga tukunya na jira a gida, ina mai iyali zai sa kansa? Ya daina kunnawa, wan kuwa ya yi ta baza labari cewa ya shiryar da yaro.

Wata Laraba da hantsi sama ta ɓalle. Wan yana hawa a bayan wata tirela mai tafiyar hawainiya, tayoyinta na watsa masa feshi, waifa na kai da kawowa ba ta share komai. Haƙuri dama ba abincinsa ba ne. Ya leƙa gefe ya duba gaba, ba ya ganin komai sai toka-toka, babu ko ƙyallin haske. Idon nan da yake taƙama da shi ya ce masa hanya fayau take, ya taka mota ya fito. Sai da ya kai tsakiyar tirelar, inda ba gaba ba baya, sannan mota ta ɓullo daga cikin ruwan a gabansa. Ya gane ta, ya kuma gane mai ita. Ƙanen ne ya murɗa sitiyari ya kauce don kada su yi gaba da gaba, motar ta zame ta gangara kwazazzabo. Fasinjojinsa sun fita da karaya, shi ko asibiti bai kai ba. Wan ko ƙwarzane bai yi ba.

A zaman makoki, waɗanda suka yi dariyar nan su ne a sahun gaba, kowa na cewa tsautsayi ne, kwana ya ƙare. Gaskiya ne, kwana in ya ƙare ba makawa, amma kaico da mutanen da ke ɓoye aikin hannunsu a bayan ƙaddara. Babu wanda ya tuhumi wan, don babu alƙalin da ke ɗaure mutum saboda ya ba jama'a dariya. Da an ɗaure shi ma da ya fi samun sauƙi. Matar ƙanen, wadda mijinta ya gaya wa komai tun ranar rumfar mai shayi, takan durƙusa ta gaishe shi da ladabi, amma ba ta sake ɗaga ido ta dube shi ba. Marayun suna hannunsa, shi ke ci da su, kuma in ƙaramar ta tambaye shi yadda aka yi babanta ya faɗa rami, sai ya tashi ya bar mata wurin. Shi ya sa Hausawa suka ce, baki shi ke yanka wuya.