Kifin da Nazeefa Ta Ceta Sau Bakwai

Karo na bakwai ke nan Nazeefa ta tsoma hannu cikin tankin gilashi, ta ɓamɓaro mummunan kifin nan daga bakin injin tace ruwa.

Kafin yayarta Hadijatu ta tafi ofis sai da ta ja mata kunne: injin yana zuƙe kifi, idan ɗaya ya mutu, ƙauyensu Jiwa Nazeefa za ta koma. Nazeefa ta ɗaure bakin injin da soso, ta ƙara da safar mijin Yaya. Tana juya baya, kifin ya sake mannewa.

Da la'asar Hadijatu ta tarar da ita jiƙe sharkaf tana kuka, kifin a kwanon sha.

"Yaya, wallahi na yi iya yina. Injin nan ya tsane shi."

Hadijatu ta leƙa kwanon, ta yi dariya har da zama a ƙasa. "Ke dai an yi sakarya! Ai shi ke tsotsar injin. Don cin datti na sayo shi. Kin hana bawan Allah abinci tun safe!"

Washegari da safe Nazeefa ta lallaɓa falo da tukunyar tuwon jiya, ta tsoma a tankin, ta ce, "Bismillah, Malam."