Gurbin da Yake Cika Kansa

"Kwamfutar nan ni na koya mata ƙirga," haka magatakardan kicin yake gaya wa duk wanda ya yi kuskuren tsayawa kusa da teburinsa. Abokan aiki suka laƙaba masa Injiniya, shi kuwa ya karɓi sunan hannu bibbiyu.

Sassa goma sha huɗu ne a masana'antar. Kowace yamma shugaban sashe yakan buɗe fom a kwamfuta, ya jera sunayen masu cin abincin rana na gobe a gurbi ɗaya: suna, waƙafi, suna, waƙafi. Gefensa akwai ɗan ƙaramin gurbi na adadi, wanda kowa ke mantawa da shi. Uwar kicin kuwa ba ruwanta da sunaye, lamba take so kafin takwas ta san farantin da za ta jera.

Wata rana a taro manaja ya tambaya ko akwai mai iya sa gurbin adadin ya riƙa cika kansa. Magatakarda, wanda bakinsa ya saba riga tunaninsa fitowa, ya ce ai aikin minti biyar ne. Matar wansa, mai riƙe da rajistar ma'aikata a teburin ƙarshe, ta ɗago ta dube shi ta saman tabarau, ta mayar da kai.

Minti biyar ta zama kwana uku. Ya danna duk abin da ke dannuwa, har fom ɗin ya taɓa juyewa ƙasa a sama. A rana ta huɗu ya samo mafita: ƙarfe shida na safe ya shigo, ya ɗora murfin biro a kan allon kwamfuta, ya bi waƙafi ɗaya bayan ɗaya, ya ƙara ɗaya a kai, ya rubuta lambar da hannunsa. Sau goma sha huɗu. Kafin mutane su zo ya miƙe ƙafa yana shan shayi.

"Lafiya, ko an koro ka daga gida ne?" in ji mai gadi a safiyar farko. Daga baya ya daina tambaya.

Aikin ba sauƙi. Shugaban masu walda yakan zuba waƙafi bibbiyu kamar ana rabawa kyauta, na sashen ɗaure kaya kuma sai ya rufe jerinsa da wani waƙafin da ba kowa a bayansa. Wata safiya mura ta cika masa ido da hawaye, ya yi ta cankar lambobi kawai. Da rana faranti suka zo daidai cif. Ya ce a ransa Allah mai rufin asiri ne.

Wata huɗu ana haka. An mayar masa da tebur bakin taga. Surukai suka fara aiko masa da wayoyinsu gyara. Sau biyu ya tsaya a ƙofar manaja da niyyar faɗin gaskiya, sau biyun yana ƙarewa da tambayar lafiyar yara. A karo na uku, don tsabar kunya, sai ya ji bakinsa yana neman kujerar mai kula da kwamfutoci a sabon reshe.

Manaja ya dube shi. Ya ce to, mutanen reshen za su zo ranar Alhamis, sai ya nuna musu aikinsa su gani da idonsu.

Alhamis, ƙarfe goma sha ɗaya, ɗakin taro ya cika har da uwar kicin da ludayinta. An haska fom a bango. Manaja da kansa ya rubuta jerin sunaye, ya tura wa Injiniya madannan kwamfutar. Gurbin adadi ya tsaya fari fat.

"Takan ɗan yi tunani tukuna, yallaɓai," in ji Injiniya.

Gumi ya bi bayan wuyansa ya shige riga. Leɓɓansa suna motsi, yatsunsa suna lanƙwashewa a ƙarƙashin tebur. Da ya kai ƙarshe sai ya nuna taga.

"Wancan ba hayaƙi ba ne wajen janareta?"

Baƙin suka juya. Ya danna tara da sauri. Da ya ɗago, sai ya ga mutanen ofishinsa ko ɗaya bai juya ba.

Ɗaya daga cikin baƙin ya dawo da kallonsa bango, ya bi sunayen da yatsa. "Goma nake gani."

Matar wansa ta taso a hankali, ta janye madannan daga gabansa, ta buɗe wani shafi da bai taɓa sanin akwai shi ba. Layi biyu ne, kafaɗa da kafaɗa, na wata huɗu. Ɗaya an rubuta masa "na kwamfuta", ɗaya "na Injiniya", kowace lambarsa da lokacin da ya shigar da ita: shida da minti goma, shida da kwata. Sittin da uku daga cikin nasa sun yi ja, alamar kuskure. Tun rana ta biyu ita ta haɗa wa kwamfutar lissafin, kuma daga layin farko takardar uwar kicin take fita.

Ya rasa inda zai ajiye idonsa. Muryarsa ta fito kamar ta aro.

"Matar yaya, me ya hana ki gaya mini?"

"Na so, ƙaramin miji. Hana ni aka yi."

Manaja ya gyara zama.

"Ni na hana ta. Shekara goma sha ɗaya kana gidan nan, wannan ne kaɗai abin da ya taɓa kawo ka aiki kan lokaci."