Gajeriya a Cikin Rama

Shekara uku ke nan da aka halatta noman wiwi don magani, amma sai da irin Hukuma, wanda ba ya yin 'ya'ya. Kowace Talata ƙaramin jirgi marar matuƙi yakan ratsa gonakin Tudun Maƙeri yana ƙirga ganye.

Tanko kuwa yana da Gajeriya, irin da ya gada wurin kakansa. Ba ta wuce ƙugu, ganyenta faffaɗa ne mai duhu, ba ta daɗewa take nuna. Ita kaɗai ke sa mahaifiyarsa Iya Kande barci tun da ciwon baya ya kama ta. Ta Hukuma sai dai ta sa ta surutu. Don haka ya shuka Gajeriya a tsakiyar rama, tunda ganyensu ya yi kama.

Ranar Laraba jami'in Hukuma, Lawandi, ya iso da na'urarsa a hannu.

"Tanko, jirgi ya ƙirga wiwi dubu huɗu a gonarka."

"Rama ce, ranka ya daɗe. Jirgin naku bai taɓa cin kwaɗo ba ne?"

"To, zan duba su ɗaya bayan ɗaya."

"Bismillah. In ka gama, ga gonar Gambo, ga ta Mati."

Lawandi ya ɗaga kai. Daga bakin rafi har gindin dutse, kaf mutanen garin, rama suka shuka bana. Na'urar hannunsa ba ta daina ƙirga ba.

Iya Kande ta fito tana takawa da ƙafarta, riƙe da kwanon kwaɗon rama.

"Ɗan nan, zauna ka ci tukuna. Aikin naka da yawa."