Wasan da Amiru Ya Ɓoye

Tun ranar da aka sayar da san huɗar babansa, Amiru bai sake jin daɗin tuwo ba. Shanu biyu ne ke jan garmar baban nasa, Malam Is'haƙa, a Bafarawa, yanzu saura ɗaya a turke. Ɗayan ya zama kwamfuta da 'yar sola, bisa alkawarin Amiru zai mayar da sa kafin damina ta kankama.

Yaron ba shashasha ba ne. Ya koyi haɗa manhajar waya a Sakkwato, burinsa ya kafa 'yar sana'ar ƙera wasannin waya. Har ya samu ƙofa, don Alhaji Sodangi, ɗan kasuwar Isa mai kai kaya Nijar, ya ce in wasan ya kama hannun mutane, zai biya a sa sunan shagonsa a ciki, biyan da zai isa sayen sa.

Abin da ya hana Amiru sukuni shi ne wane wasa zai yi. Wata zuciyar ta ce ya yi dara, wadda kowane dattijo ke bugawa a gindin bishiyar bedi, ba nauyi, ba ruwanta da data. Wata ta ce dara ai abin ƙauye ce, ya yi tseren babura a hanyar daji, mai hotuna kamar gaske, a riƙa karawa da juna ta intanet. Akwai kuma Hafizullahi, abokin karatunsa na Sabon Birni, da ke ta roƙon su haɗa hannu.

Haka ya yi ta saƙa da warwara har ya rame, amma bai tambayi kowa ba. Tun yana ƙarami yake jin ana cewa abin da ba a gama ba, ba a nuna shi, kada baki ya kama shi. Ga kuma tsoron a sace masa dabara. Ya zaɓi tseren babura, ya ja ƙofar ɗakinsa ya rufe.

Wata rana Hafizullahi ya biyo ta gidan.

"Amiru, mi kaka ɓoyo haka? Turo man in gwada ga wayata da ta ƙannena, mu ga inda yar rage."

"Bari sai na ƙare," in ji Amiru, yana rufe kwamfutar da sauri kamar an kama shi da satar nama.

"Ka san irin wayoyin da mutanenmu ka riƙo kuwa?"

"Na ce maka za ni nuna ma in lokaci ya yi."

Hafizullahi ya hau babur ɗinsa ya tafi. Amiru kuwa a ransa cewa ya yi, ga ɓarawon farko nan Allah ya raba shi da shi.

Watanni suka shuɗe. A kan babbar wayarsa wasan gudu yake yi gwanin sha'awa, amma duk lokacin da hadari ya taso daga gabas sai gabansa ya faɗi. Malam Is'haƙa ba mai yawan magana ba ne. Sau ɗaya ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, "Amiru, sa guda ba shi jan garma. Ina dai tuna ma."

"Saura kaɗan, Baba."

Ranar kasuwar Isa, sai Amiru ya ɗauki wasansa ya nufi shagon Alhaji Sodangi. Alhaji ya kira yaran shago da 'yan acaɓa, aka tura musu wasan.

Wayar farko ta ce ba wuri. Ta biyu ta karɓa, ta yi zafi, ta ɗauke. A ta uku babur ɗin ya fito ya tsaya cak yana jiran sabis, sabis kuwa a kasuwar nan sai an ɗaga waya sama ana addu'a. Wani ɗan acaɓa ya ce, "Ni in saka datata don wanga? Gara in hau nawa babur, shi ko ba sabis tahiya shikai." Aka kwashe da dariya.

Alhaji bai yi dariya ba. Ya miƙa wa Amiru wayar ya ce, "Ɗana, kahin ka kawo man, wa yag gwada shi?"

"Ni ɗai, Alhaji."

"To, ka yi wasan da kai ɗai ka iya bugawa. Sunana ba shi shiga inda mutane ba su shiga."

A daren nan aka kwana ana ruwa. Lokacin huɗa ya zo, shanun maƙwabta duk suna gonakin masu su, ba mai ba da aro sai ya gama nasa. Malam Is'haƙa bai zagi ɗansa ba, da ma ya zage shi da ya fi masa sauƙi. Garmar hannu ya saɓa, dattijo mai furfura, Amiru na biye da shi. Ba su kai rabin gona ba ciwon baya ya kama tsohon, aka dawo da shi gida a amalanke. Sauran gonar ciyawa ta cinye, kuma a shekarar nan rumbunsu bai kai su bazara ba.

Da Hafizullahi ya zo dubiya, Amiru ya tura masa wasan ba tare da an roƙe shi ba. Ko zama Hafizullahi bai gama yi ba ya ɗago kai. "Ya cika nauyi. Da ka turo man tun hwarko, da ranar za ni gaya ma."

Amiru ya kalli san da ya rage a turke, hawaye suka zubo masa.

Jama'a, ba bakin mutane ne ya karya Amiru ba, rufe nasa bakin ne. In za ka fara sana'a, musamman da dukiyar iyayenka, nemi shawara, ka nuna wa waɗanda kake yi dominsu tun abin yana ɗanye. Matambayi ba ya ɓata.