Gadon Asibiti na Uku

"Ɓarauniya! Ina gadajen asibitin nan?"

Alhaji Ɗanjuma, shugaban kwamitin ƙaramin asibitin ƙauyen, ya buga ƙofar ɗakin kwanciya da sandarsa. Ɗakin wayam, sai tabarmi. Matan da suka zo awon ciki suka yi cirko-cirko.

Malama Turai, mai kula da asibitin, ba ta ɗago daga allurar da take haɗawa ba.

"Alhaji, kai da bakinka ka ce a daina kwantar da kowa, man janareta ya yi tsada."

"Na ce a daina kwantarwa, ban ce ki kwashe gadaje ki kai kasuwar Gummi ba! Yau sai kin bar garin nan."

"Ban sayar ba. Masu doguwar jinya na ba aro. Ni ke hawa babur ina bin su gida-gida, ina wanke musu ciwo."

"Ƙarya kike! Faɗi gidajen, in aika a duba yanzu, a gaban mutane."

"Ɗaya yana Adabka. Ɗaya yana rugar Iya. Na ukun, a bar shi, Alhaji."

Ya yi dariyar mugunta, ya juya ga matan. "Kun ji ko? Faɗi!"

Sai a lokacin ta ajiye allurar, ta dube shi.

"Yana gidanka, ɗakin Innarka. Tun farkon damina take kwance a kansa. Da kana shiga gaishe ta, da ka gani."