Iyakar Dalma a Manhajar Haris

Manhajar Haris ta sake cewa duk yaran ƙauyen Dareta lafiyarsu ƙalau, har da wanda aka kawo da safe yana jijjiga. Likitan asibitin, a nan Anka, ya ba Haris wa'adi zuwa la'asar: ko manhajar ta ware yaran da dalma ta yi wa yawa a jini, ko ya tattara kwamfutarsa ya koma Gusau.

Haris dai injiniya ne a baki. Tun zuwansa ya cika wa ma'aikata kunne da yaren kwamfuta na C++ da kuma amininsa Gidaɗo, gwanin da ya rubuta tushen manhajar ya sake shi kyauta a intanet. Har shayi, wai, sun sha tare a Abuja. Shi nasa aikin ɗori ne kawai: ya yi samfurin da zai gaji na Gidaɗo, ya ɗauko iyakar dalma daga can.

Zinatu, mai shigar da sakamakon gwaji, ta leƙo daga teburinta. Ta ce a irin wannan samfuri kwamfuta ba ta duba kayan gado sai an nuna mata. Shi ya sa ta kama wata tsohuwar iyaka da ya manta a gefe, mai lamba dubu, wadda ba yaron da zai kai.

"Rubuta this-> gaban sunan iyakar, shi ke nan."

"Ke tsaya ga kwalaben jininki," in ji shi. "Wanga aiki na manya na."

Girman kai rawanin tsiya. Ta koma kan aikinta. Shi kuwa ya yi ta zufa, ya goge nan ya liƙa can, kamar mai ɗinkin tsohon buhu.

Da azahar ta gota, ido ya raina fata. Tsoro ya kama shi, ya aika wa Gidaɗo saƙo, "ranka ya daɗe" uku a layi biyu, har da gabatar da kansa. Sannan ya sanar da ɗakin cewa ya taɓa mutuminsa.

Ba a yi minti biyu ba amsa ta shigo. Ganin likita a bakin ƙofa, sai ya gyara murya ya karanta da ƙarfi tun bai duba ba:

"Malam Haris, amsar ita ce wadda na ba ka da hantsi. Gidaɗo sunan babana ne, da shi nake sa hannu. Juyo, ga ni bayanka."