Hanjin Gafiya

An yi wani mafarauci mai kare ɗaya tilo, Barsu. Da shi yake samun naman miya, da shi ake saninsa cikin 'yan farauta. Wata damina karen ya soma amai, kashinsa ya koma fari-fari mai maiƙo, yana ci yana ramewa har ana ƙirga haƙarƙarinsa daga bakin zaure. Likitan dabbobi ya duba shi, ya ce wata 'yar tsoka ce a gefen tumbi, mai narkar da maiƙo, ta kumbura. Ya ce irin wannan ciwo ba a korar sa, lallaɓa shi ake yi. Ya ba da magani, ya hana kitse da romo, ya ce a riƙa ba shi dafaffiyar shinkafa da 'yar tsoka zalla, kaɗan-kaɗan sau huɗu a yini, kuma kada ya shiga daji sai bayan wata uku. Matar mafaraucin ta ware wani tsohon ludayi don awon. Cikin wata biyu amai ya tsaya, gashi ya kwanta, Barsu ya koma korar awakin maƙwabta.

Ana nan aka cire amfanin gona, gangin farauta ya soma tashi. Mafarauci ya ƙirga, saura kwana ashirin wa'adi ya cika. Ya dubi kare, kare ya kaɗa wutsiya, ya ce a ransa me kwana ashirin za su ƙara? Ya kwance igiya. Kafin azahar kuwa Barsu ya kamo gafiya mai ƙiba. To, al'adarsu ce karen da ya yi kamu a farke cikin naman nan take a ba shi kasonsa, wai in an hana shi zuciyarsa mutuwa take yi. Mafarauci ya tsaya riƙe da wuƙa yana jinkiri. Wani cikin 'yan farauta ya ce, “Kai, yau kuma rowa za ka yi wa kare? Ko sai an auno da ludayin uwargida?” Aka kwashe da dariya. Mafarauci ya jefa wa Barsu hanjin da kitsensa.

A kafaɗa ya dawo da shi gida. Kwana uku karen na miƙe ƙafafun gaba, ƙirji a ƙasa, yana nishi, ko ruwa ba ya zama a cikinsa. Likita bai yi faɗa ba, ya yi allura, ya ce a koma farko. Matar ta ajiye ludayi ta ɗauko cokali. Wannan karon sai da aka yi wata bakwai. Sau biyu amai na dawowa, sau biyu ana rage awo ana sake hawa. Farautar shekarar ta wuce mafarauci yana jin gangi daga gindin rumbu, tukunyar miyarsa ba nama.

Da kaka ta zagayo Barsu ya kamo zomo. Mafarauci ya tona rami ya binne hanjin, ya kwance ƙullin shinkafa daga jakarsa ya ba shi. Aka yi dariya, ya bar su suka gama. Ya riga ya sayar da wata bakwai ya sayi kwana ashirin. Shi ya sa masu magana suka ce, sauri kan haifi nawa.